Jawabi Ga Masu Zuwa Landan Karo Na Farko

An ce in ɗan yi magana a kan tafiya Landan, tun da wasunmu suna shirin zuwa ganin 'ya'ya da jikoki.

Mu fara da jaka. Kada kowa ya sa kilishi, dambun nama ko man shanu, komai roƙon da yara suka yi. Dokar Ingila ta hana mai zuwa daga Najeriya shiga da nama ko kayan nono, za a ƙwace a Heathrow. Adireshin mai masaukinku da lambar wayarsa ku rubuta a takarda, domin jami'in shige da fice yakan tambaya, waya kuwa cajinta yakan ƙare.

Bizar ziyara yawanci ta ba da izinin zaman wata 6 ne, ba a aiki da ita. Wanda ya zarce wa'adinsa ya rufe wa kansa ƙofar komawa, ya kuma jawo wa mai masaukinsa magana.

Bas ɗin Landan ya daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin Oyster ko na banki. Wajen tsallaka titi ku fara duban dama, gama a hannun hagu suke tuƙi, yadda muke yi kafin 1972. Dattawa za su tuna.

Masu tafiya a Disamba, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, hunturun Jos kuma wasa ne. In wani abu ya faru, ku buga 999.