Su Wane Ne Suka Ɗauki Ƙasar Ganuwar Katsina?

Jawabin da aka gabatar a taron dattawan ikkilisiyoyi na yankin Wurma

 An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan ganuwar birnin Katsina. Na san wani zai ce, me ya haɗa mu mutanen ƙauye da ganuwar birni? Ku yi haƙuri da ni, za mu iso wurin.

Duk wanda ya taɓa shiga Katsina ya wuce ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, ko Ƙofar 'Yandaka. Wannan ta ƙarshe ma tamu ce ta wani fanni, tun da 'Yandaka ita ce sarautar hakimin Dutsin-Ma, kamar yadda Maraɗi take ta hakimin Kurfi. Labarin gargajiya yana danganta babbar ganuwar ga Sarki Ali Murabus. Wani Bature ɗan Jamus mai suna Barth ya zo Katsina a shekarar 1851, ya ƙiyasta kewayenta ya kai mil 13, kaurinta daga gindi kuwa ƙafa 30.

To, iyayena, ku da kuka san ginin ƙasa, ku auna. Katangar gida ɗaya kaɗai, kwana nawa ake yi ana haƙa, ana ɗebo ruwa, ana kwaɓa, ana yin tubali, a jira ya bushe? Yanzu ku miƙe ta mil 13. Ba mota, ba injin ban ruwa, sai kwando da tulu da ƙafar mutum a cikin laka. Kuma ginin ƙasa ba ya ƙarewa. Damina tana zaizaye shi, da kaka a sake tara mutane gyara. Talakawan da sarauta ta kira ne suke wannan aiki, tare da bayi. Kiran kuwa ba irin gayyar da muke yi wa juna a gona ba ne, wadda mutum zai ce yau ina da uzuri.

Maganar bayi ba ƙarama ba ce a ƙasar Hausa ta lokacin. Tsohon littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, Galadima Dawuda yana yaƙi a kudu yana aiko wa sarki bayi 1,000 duk wata biyu. Clapperton, wanda ya ga Kano a 1824, ya ɗauka fiye da rabin mutanen birnin bayi ne. Kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wani ne, ko matar wani, da aka kama a gona ko a bakin rafi. Ƙofofin Katsina da dama suna ɗauke da sunayen sarautu. Babu ƙofar mai kwaɓa, babu ƙofar mai ɗebo ruwa.

Amma kada in yi wa ganuwa rashin adalci. Ta ceci rayuka. Mu nan ba sai an yi mana bayani ba. Tun daga harin da aka kawo Wurma a watan Agusta na 2019, aka kwashe mutane har da mata, wane ne a cikinmu bai taɓa kwana yana fatan da akwai katanga tsakaninsa da daji ba? Kakanninmu sun sha irin wannan a ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Maraɗi da na Katsina suke kai wa juna hari, har yankin Ruma ya koma daji. Wanda ya sami shiga birni ya tsira. Wanda ƙauyensa yake nesa, sai ya hau dutse. Sau da yawa kuwa mutumin da ya ba da ƙarfinsa da hatsinsa aka gina ganuwa, shi ne yake waje idan aka rufe ƙofa.

Na ciki ma ba kullum suke dariya ba. Sa'ad da mutanen Ummarun Dallaje suka kewaye birnin kafin ya faɗi a 1807, ganuwar ta zama kurkuku. An gaya wa Barth cewa yunwa ta yi tsanani har ana sayar da mushen ungulu wuri 500.

Yau ra'ayi ya rabu. Akwai masu cewa ganuwa abin alfahari ce, a kiyaye ragowarta. Akwai masu ganin fili kawai, a yanka fuloti. Galibinta ma ta riga ta rushe, ƙofofin da muke gani an sake su da siminti. Akwai kuma wasu samarinmu da na ji suna cewa, abin da aka gina da hawayen talaka, me ya dame mu in ya faɗi? Ni ban yarda da su ba. Idan ragowar ta ɓace, sunayen sarakuna suna nan a littattafai da bakin maroƙa. Waɗancan bayin Allah kuwa, wannan tarin ƙasar ce kaɗai shaidar da suka bari.

Ina roƙo kuma kada wani ya fita daga nan ya mai da wannan zance na addini. An kama bayi kafin jihadi, an kama bayan jihadi. Cikin masu ɗaukar laka akwai Musulmi, akwai Maguzawa, kuma jininsu yana jikinmu da na maƙwabtanmu. Turawan da suka shigo Katsina a 1903 sun hana farautar bayi, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Su ma sun yi nasu aikin tilas, a hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911, da ramukan kuza na Jos daga 1942 zuwa 1944, abin da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan ba. Haikalin Sulemanu, da duk darajarsa, 1 Sarakuna sura 5 ta nuna an ɗebi mutum 30,000 aikin tilas dominsa. A sura 12 kuma, da jama'a suka nemi sauƙi daga ɗansa Rehobowam ya ƙi, sai mulkin ya tsage biyu, aka jajjefi shugaban aikin tilas har ya mutu. Ku kwatanta da Nehemiya. Shi ma garu ya gina, cikin kwana 52. Amma sura 3 duka sunaye ne: wane ya gyara daga nan zuwa can, maƙeran zinariya, masu yin turare, har da 'ya'yan Shallum mata. Mukan tsallake surar nan a karatun safe domin sunayen suna da wuyar faɗi. A sura 5 kuma, da talakawa suka yi kuka cewa bashi ya sa 'ya'yansu suna shiga bauta, Nehemiya ya tara manya ya sa suka mayar da gonaki.

Wannan ya kawo ni gida. A bangon majami'unmu akwai allon da ke nuna babban baƙon da ya aza harsashi. Matan zumunta da suka yi rani guda suna ɗauko ruwa a ka, ina nasu sunan? Na san wata ikkilisiya da aka yi bikin buɗe ta da shinkafa da lemo, alhali magini yana bin kuɗin aikinsa. Ba zan faɗi suna ba, dattawan wurin suna jina.

Saboda haka ina kawo shawara biyu gaban wannan taro. Kowane sakataren ikkilisiya ya sami littafi, ya zauna da tsofaffi kafin kaka, ya rubuta waɗanda suka gina majami'arsu, maza da mata, da abin da tsofaffin suka ji daga iyayensu game da bauta da ɗiban gwamna. Ma'aji kuma ya duba ko akwai magini, kafinta ko lebura da ake riƙe wa hakki, ya kawo rahoto a zama na gaba.