Yaro Mai Ƙiba

Mu nan mukan ce ƙiba alamar hutu ce, amma in ta wuce kima ga yaro ko yarinya, ciwon sukari take share wa hanya.

Kada a hana yaro abinci, yana kan girma. Ya ci tuwonsa, sai dai a rage malmala, a ƙara wake da zogale. Lemon kwalba guda yana da sukari wajen ƙaramin cokali 9, ruwa ya fi masa. Kullum ya motsa jiki awa 1, ko noma ko ƙwallo.

Maganin rage ƙiba da ake talla a kasuwar Sheme kuwa, ku bar wa mai shi. In ƙafafu suka kumbura, wannan ba ƙiba ba ce, ku kawo shi asibitin sha-ka-tafi.