LEMON DA BA SUKARI A CIKINSA: MAGANA GA MASU CIWON SUKARI DA MASU SON RAGE ƘIBA

Yau za mu yi magana a kan wani abu da a ke yawan tambayar malaman asibiti a kansa, a Kwatarkwashi, da Bungudu, da Tsafe, har cikin Gusau. Watau lemon kwalba irin wanda a ke cewa ba sukari a cikinsa, da kuma ƙwayoyi da garin nan masu zaƙi da a ke sawa a maimakon sukari.

Mutum ya kan zo ɗakin shan magani, a auna jininsa, a ce masa yana da ciwon sukari, ya bar shan zaƙi, ya rage tuwo. Bayan mako guda sai ga shi ya komo da gorar lemo a aljihu. Ya ce, “Malam, wannan fa? Mai shago ya ce ba sukari. In sha?” Ga amsa a taƙaice. Yana iya sha, amma kaɗan. Ba magani ba ne. Kuma akwai wurare biyu da in aka dogara da shi zai iya jawo asarar rai. Ku saurara da kyau, mu bi su ɗaya ɗaya.

SUKARI NAWA NE A CIKIN LEMO?

Baƙin lemon nan da a ke kira kola, a garin Atlanta na ƙasar Amurka aka fara haɗa shi, cikin shekarar 1886. Sunan nan kola kuwa daga goro aka samo shi, goron nan namu da mu ke ci. Yau ba tashar da za ka je ba ka tarar da shi cikin ƙanƙara ba.

A irin wanda aka saba sha, kowane mililita 100 yana ɗauke da sukari wajen giram 10. Gorar nan ta rabin lita ke nan tana da wajen giram 50, watau cokalin shayi 12. Ka tambayi kanka, wace rana ka taɓa ce wa mai shayi ya zuba maka cokali 12? Amma a lemo ka kan shanye su tsaye, kafin mota ta cika.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ta ce kada sukarin da baligi ke sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da ya ke samu daga abincinsa. Wannan shi ne wajen cokali 12 a yini. Ta ce in ya tsaya a cokali 6 ya fi. Kun ga gora guda ta cinye rabon yini duka, ban da na koko, ban da na shayi. Don haka ne a shekarar 2021 gwamnatin Nijeriya ta yi dokar ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha, aka fara karɓa a 2022.

TO, INA ZAƘIN YA KE FITOWA IN BA SUKARI?

Akwai waɗansu sinadarai da harshe ke jin su da zaƙi ƙwarai, amma ba sa komawa sukari cikin jini. Na farkonsu shi ne sakarin. A shekarar 1879 wani masani mai suna Constantin Fahlberg yana aiki a jami'ar Johns Hopkins a Amurka, ya koma gida cin abinci, sai ya ji burodinsa da zaƙi. Ashe abin da ya taɓa a wurin aiki ne ya maƙale masa a hannu. Sakarin ya fi sukari zaƙi wajen sau 300. Bayansa aka gano asfatam a 1965, mai zaƙin sukari sau 200. Sa'an nan sukuralos a Ingila, cikin 1976, shi kuwa wajen sau 600. Akwai kuma sitibiya, wadda a ke samu daga ganyen wani tsiro na ƙasar Faraguwai.

Da ya ke zaƙinsu ya yi yawa haka, ɗan mitsitsi a ke sawa. Shi ya sa lemo irin su Coca-Cola Zero Sugar ba ya ɗaga sukarin jini kamar yadda na kullum ke yi. Ga mai ciwon sukari wanda ya kasa rabuwa da lemo, lalle wannan ya fi masa wancan.

Amma ku lura. Waɗansu kamfanoni su kan haɗa sukari da sinadarin duka biyu a kwalba ɗaya. Launin kwalba ba shaida ba ne, maganar mai shago ma ba shaida ba ce. A jikin kwalbar an rubuta yawan sukarin da ke ciki. In ba ka iya karantawa ba, ka ba ɗanka ɗan makaranta ya duba, ko ka kawo wa malamin asibiti. Ku duba kuma lambar hukumar NAFDAC, da ranar da abin zai lalace.

YANA DA LAHANI?

Kun ji a na cewa waɗannan abubuwa suna kawo ciwon daji. Ga yadda maganar ta ke. Cikin shekarun 1970 aka ɗura wa ɓeraye sakarin mai yawan gaske, waɗansu suka sami ciwon daji a mafitsara. Daga baya aka gane hanyar da ya bi a jikin ɓera ba ta faruwa a jikin mutum, har Amurka ta cire shi daga jerin abubuwan da a ke zargi a shekarar 2000.

A watan Yuli na 2023 kuma, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon a Faransa, ta sa asfatam cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su kawo ciwon, amma ta ce shaidar ba ta da ƙarfi. A wannan lokaci kwamitin masana abinci bai sake iyakar da ya ajiye ba, watau miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mutum mai kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya wuce ta. Saboda haka kwalba guda ran suna ko ran biki ba abin tsoro ba ce.

Duk da haka, kada ku ɗauke shi kamar ruwa. Yana da tsami mai cin haƙori, daidai da na mai sukari. Yawancinsa yana da sinadarin nan na goro da gahawa mai hana barci da sa bugun zuciya. Kuma yana sabar wa harshe da zaƙi, har mutum ya daina jin daɗin fura in ba a cika mata sukari ba. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mai son rage ƙiba ya dogara da waɗannan sinadarai, domin ba a ga sun rage kitsen jiki ba in an daɗe ana sha. Wannan shawara ba ta haɗa da wanda ya riga ya kamu da ciwon sukari ba. Ƙananan yara kuwa, waɗanda ba su kai shekara biyu ba, kada a ba su ko kaɗan.

Ku mata masu sana'ar zoɓo da kunun zaƙi da ƙanƙara, mun san sukari ya yi tsada, mun san waɗansu suna sayen ƙullin garin zaƙi a kasuwa. Ƙullin leda ba suna, ba awo, ba wanda ya san abin da ke ciki. Yara ne kuwa suka fi sayen kayanku. Ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane. Masu gidan burodi su ma su sani, hukumar NAFDAC ba ta yarda a sa sakarin cikin burodi ba.

LEMO BA YA WANKE LAIFIN TUWO

Ga kuskuren da ya fi yawa. A ce ga magidanci ya zauna gaban malmala uku ta tuwon shinkafa, ya tashi da su, ya kora da lemon da ba sukari, yana ganin ya kiyaye dokar likita. Bai kiyaye ba. Shinkafa, da masara, da dawa, da gero, da rogo, da doya, da dankali, da burodi, da taliya, duk in sun shiga ciki sai su narke su koma sukari, ko da ba ka ji zaƙinsu a baki ba. Zuma, da rake, da mazarƙwaila, da dabino, da lemon nan na malta, su ma sukari ne. Zuma ga zaƙi ga harbi.

Ba mu ce ku bar tuwo ba. Abincinmu ne, shi mu ke nomawa. Cewa mu ka yi a rage shi, a yawaita miya. Inda ka saba cin malmala uku, ka ci ɗaya. Ka cika sauran wurin da abin da Allah ya hore mana a nan ƙasar Zamfara: kwaɗon zogale, da rama, da yakuwa, da alayyafo, da kuɓewa, da miyar kuka. Ka haɗa da wake, da gyaɗa, da awara, da ƙwai, da kifi ko nama in da hali. Nono ka sha shi ba sukari. Zoɓo ma a na iya dafa shi da citta da kanumfari, a sha haka nan. Mai hawan jini ya rage gishiri. Sa'an nan a motsa jiki. Tafiya a ƙasa ta rabin sa'a kullum tana da amfani ƙwarai, ko zuwa gona ce, ko zagaya gindin dutse.

Amma wanda ke allurar insulin, ko ya ke shan ƙwaya irin su Daonil, kada ya yanke tuwo da shinkafa gaba ɗaya bisa ra'ayin kansa, ko don ya ji wani ya yi a waya. Ya fara zuwa wurin likita a daidaita masa magani. Haka kuma kafin ya ɗauki azumi. Dalilin ke nan za mu faɗa yanzu.

WURARE BIYU DA SAI SUKARI NA GASKE

Na farko. Mai shan waɗannan magunguna, in ya yi jinkirin cin abinci, ko ya yi aiki mai wuya a rana, sukarin jininsa yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai. Za ku ga yana gumi, hannu yana rawa, zuciya tana bugawa, ga yunwa, ga jiri, wani har ya riƙa magana ba kan gado. A wannan lokaci sukari shi ne maganinsa. A ba shi cokalin shayi uku ko huɗu a cikin ruwa, ko rabin kofi na lemo mai sukari. A jira minti 15. In bai dawo daidai ba a ƙara, in ya dawo a ba shi abinci. In kuka ba shi lemon da ba sukari, kamar ba ku ba shi kome ba ne, yana iya suma a hannunku. Idan kuwa ya riga ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota, a kai shi asibiti mafi kusa nan da nan. Uwargida, ki san wannan. Manyan 'ya'ya su ma su sani. Shi kuma mai ciwon kada ya fita gona ko kasuwa ba ƙwayar sukari uku ko huɗu a aljihu.

Na biyu. Yaro mai gudawa. In ba ku sami ƙullin nan na asibiti ba kuka haɗa ruwan gishiri da sukari a gida, watau ruwa mai tsabta lita ɗaya, da sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, to, lalle sukari na gaske za ku sa. Sukarin ne ke jan gishiri da ruwa daga hanji zuwa cikin jiki. Garin zaƙi ba ya wannan aiki. Lemon kwalba ma, mai sukari da marar sukari, ba maganin gudawa ba ne.

ABIN DA ZA KU RIƘE

1. Ruwa shi ne abin sha na kullum. Lemo na ran buki ne.
2. Mai ciwon sukari in zai sha lemo, marar sukari ya fi masa, amma kaɗan.
3. Lemon da ba sukari ba ya warkar da ciwo, ba ya maye gurbin magani, ba ya ba ka izinin ƙara tuwo.
4. In sukarin jini ya faɗi, ko yaro yana gudawa, sukari na gaske a ke nema.
5. Kada a ba ƙananan yara garin zaƙi ko lemonsa.

Daga ƙarshe, wanda ya ga yana yawan fitsari, musamman da dare, ga ƙishirwa ba ta yankewa, yana ramewa alhali yana ci, ko kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, ko gyambo ya ƙi warkewa, kada ya tsaya sayen lemo iri iri yana gwaji. Ya zo a auna jininsa. Ɗigo ɗaya a ke ɗiba a ɗan yatsa, ba ya ɗaukar minti biyar. In abin ya fi ƙarfin ɗakin shan magani, za a ba shi takarda zuwa Gusau, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ko Asibitin Yariman Bakura. Ciwon sukari da aka ƙyale yana cin ido, da ƙoda, da ƙafa. Wanda aka gano da wuri kuwa, mai shi yana iya shekaru yana nomansa, yana riƙe da gidansa.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.