Kumburin Magudanar Matsarmama ga Mai Ƙanjamau

Idan mai ƙanjamau ya dafe ƙasan haƙarƙarinsa na dama yana nishi, ga zawo ya ƙi tsayawa, ko da idonsa bai nuna shawara ba, wajibi ne likita ya tuhumi magudanar matsarmama, musamman in ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 sun gaza 100, domin a wannan hali ne ƙwayar kiriftosiforidiyam, wadda gurɓataccen ruwa ke kawowa, takan kumbura hanyar ta ƙuntata ta. Gwajin jini da hoton ciki ke gaskata zato. Buɗe bakin magudanar da na'ura yana rage azaba ƙwarai, amma alamar tsawon kwana tana ga haɗin magungunan ƙanjamau da aka soma bayarwa a 1996, muddin majiyyaci ya lizimci shansu.