Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi Kan Gyaran Motar Iyali

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, wanda ya daɗe yana sana'ar kanikanci a nan Ibadan, ya gabatar a taronmu na wata-wata a Sabo. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, domin amfanin 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.



 Shugabanni sun ce in yi magana a kan gyaran motar gida, wato abin da mutum zai iya yi da hannunsa, da kuma abin da zai ƙara wa mota don ta ƙara ƙarfi. Ni ba malami ba ne, bakanike ne, saboda haka in na yi tuntuɓen harshe a yafe mini.

Jama'a, mu da muke zaune a Kurmi, motarmu tana da wani aiki wanda ta mutanen gari ba ta da shi. Shekara guda tana kai yara makaranta, tana zuwa kasuwar Bodija ko Sasa, ba ta wahala. Amma da Sallah ta matso, ko aka ce ana biki ko an yi rasuwa a gida, sai a cika ta da mata da yara da buhun goro da jarkar manja, a ce ta kama hanyar Kano ko Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 1,000. Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa, ga hawa ga gangara ga ramuka ga tireloli. A ranar ne duk ciwon da ta ɓoye yake fitowa.

Bari in fara da kaina, kada a ce ina zagin wani. Ina saurayi na sami Fijo 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975. Kuɗin da na tara na zuba su a fenti da rigar kujera da rediyo mai amo. Na ga tiyon birki ya tsattsage, na ce sai na dawo. Bayan mun haye gadar Jebba, a wata gangara, na taka birki ƙafata ta tafi har ƙasa. Da giya da birkin hannu Allah ya taimake ni na tsayar da ita a gefen daji, mahaifiyata tana baya tana salati. Kuɗin tiyon nan bai kai kuɗin rigar kujera ɗaya ba. Tun ranar na koyi cewa gyaran mota jeri gare shi, kamar alwala, akwai abin da ake farawa da shi.

To, abu na farko, ka sayi littafi ka ajiye a aljihun mota. Duk abin da aka canza ka rubuta rana da lambar da mita ta nuna. A kula, motocin da ake shigowa da su daga Amurka yawancinsu mil suke ƙirgawa, kuma mil 1 kilomita 1.6 ne. Sannan ka zaɓi wata safiya ka zagaya motar da kanka, ka rubuta duk abin da ka gani ko ka ji, ka kasa shi kashi uku. Kashi na ɗaya, abin da zai iya kashe mutum. Kashi na biyu, abin da zai iya kashe inji. Kashi na uku, abin ado da jin daɗi. Ko Naira ɗaya kada ta shiga kashi na uku alhali na ɗaya bai kammala ba.

Kashi na ɗaya shi ne taya da birki da sitiyari da fitila. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. In ka ga 2319, ma'anarsa an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta tsufa, domin roba tana bushewa ko da zanenta yana nan raɗau. Tsohuwar tayar Turai da ake sayarwa da araha, ita ce take fashewa da azahar a kan kwalta mai zafi. Zurfin zanen kuma kada ya gaza milimita 1.6. Maganar iska, kada ka bar wa mai faci ya buga yadda ya ga dama. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin, ta faɗi iskar da motarka take so, yawanci tsakanin 30 da 35. Ka sayi ɗan ma'aunin iska naka, ka riƙa gwadawa da safe kafin taya ta yi zafi, har da safayar da ke cikin but.

Man birki yana shan danshi daga iska, ga shi nan Kudu damina doguwa ce. In ya sha ruwa, a doguwar gangara sai ya tafasa, birki ya zama kamar soso. Saboda haka a juye shi duk shekara 2, a zuba irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. In ka ji ƙarar ƙarfe in ka taka, takalmin birki ya cinye. In sitiyari yana wasa ko gaba tana ƙwanƙwasa a kan gargada, a duba tayarod da boljoyin.

Kashi na biyu shi ne baƙin mai da ruwa da bel. Kowane inji da kaurin man da aka yi shi da shi, kuma yana rubuce a murfin mai ko a littafin mota. Injin da aka ce a ba shi 5W-30, in ka ɗura masa 20W-50 don wai ƙasarmu da zafi, man ba zai hau sama da wuri ba da safe, inji yana cin kansa kana murna. Kuma duk juyen mai a canza matatarsa. Lagireto a zuba masa ruwansa mai launi, domin ruwan rijiya tsatsa yake kawowa. Sai bel ɗin tayimin. Masu Toyota Sienna ta 1998 zuwa 2006, bel ne a injinku, ana canza shi wajen mil 90,000. Daga ta 2007 kaca ce. In ka sayi mota ba ka san yaushe aka canza bel ba, ka ɗauka ba a canza ba.

Yanzu me za ka iya yi da hannunka? Da yawa, wallahi. Duba mai da ruwa, canza matatar iska, canza waifa da ƙwan fitila da fis, wanke kan batir, juyen baƙin mai, har da fulogi a injin silinda huɗu da suke a fili. Kayan aikin ba su da yawa: sifana daga lamba 8 zuwa 19, filaya, sukundireba, jak mai kyau, tocila da ɗan mitar gwada wuta. Batir mai lafiya yana nuna wajen 12.6 in mota tana kashe, in tana aiki kuma ya haura 13.5. In bai haura ba, cajin ne da matsala, kada ka yi asarar sayen sabon batir. Kuma motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, inda ake soka ɗan na'ura ta faɗa wa wayarka dalilin da fitilar inji ta kama. Yaranmu sun fi mu iya wannan. Ku ja su a jiki, ku ba su sifana su riƙe.

Amma akwai dokoki uku, don Allah a riƙe su. Kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita, ka tokare ta da ƙarfen tsayawa a ƙasa mai tauri, ka sa waigi a taya. Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, na ga wanda fatar fuskarsa ta saluɓe. In za ka cire batir, fara da waya mai alamar ragi, in za ka mayar ita ce ta ƙarshe. Abin da ya shafi cikin inji, da akwatin giya, da bel ɗin tayimin, da fitar da iska daga birki, da jakar iska ta sitiyari, wannan ka kai wa mai sana'a ka tsaya a kansa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Sai mu zo kan ƙarin ƙarfi, wanda na san samari shi suke jira. 'Ya'yana, motar da ta shekara 15 ko 20 ta zubar da wani abu daga ƙarfin da aka yi ta da shi. Sabon fulogi, matatar iska mai tsabta, nozul da aka wanke, iskar taya daidai, a daidaita ƙafafu, birkin da ba ya riƙewa, waɗannan su ne za su dawo da shi, kuma su rage shan mai. Ba sai na gaya muku ba, kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai Naira 200 ba, amma a ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. In kuɗi ya ragu bayan haka, sayi shokozoba mai kyau da taya sabuwa. Motar iyali da lodi, wannan ne ƙarin da za ka ji a jikinka.

Akwai kuma abubuwan da mu kanikawa muka saba yi wa mutane da sunan gyara, ina neman gafarar abokan sana'ata. Na ɗaya, cire tamostat, wai ta Turawa ce mai ƙasar sanyi. Aikinta shi ne ta riƙe inji a zafin da ya dace, wajen digiri 80 zuwa 90. In babu ita, kwamfutar mota tana zaton inji bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara mai. Na biyu, haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Ciwon yana nan, bakinsa aka toshe. Na uku, fasa tukunyar salansa a cire abin da ake kira indomi. Mai cirewa ya san yana da tsada, shi ya sa yake zuga ka, kai kuma a bar ka da hayaƙi da fitilar inji a kunne. Na huɗu, manyan wili da siririyar taya. A titin birni da kyau, amma ramin farko bayan Ilori zai lanƙwasa shi. Na biyar, cusa roba ko katako a sifirin don a ƙara lodi. Sifirin ya ɗauka, to birkin fa, an ƙara masa ƙarfi?

Masu tambaya a kan mayar da mota ta gas, irin wanda gwamnati take ƙarfafawa tun 2023, abu ne mai rage kashe kuɗi in akwai gidan gas kusa da kai. Amma wannan ba aikin gida ba ne sam. Matsin da ke cikin tukunyar ya kai ba 200, tukunyar girki ko ta mai walda ba za ta ɗauka ba. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a Benin, aka ji munanan raunuka, saboda tukunyar ƙirar bayan gida ce. A je wurin da hukuma ta amince da shi, kuma a tuna tukunyar za ta cinye rabin but.

Wajen sayen kaya, ko a Gate nan Ibadan, ko Ladipo a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da tsohon a hannunka, da lambar jikin mota mai harafi 17 a rubuce. Ƙofa ko madubi ko fitila, na hannu ba laifi. Amma takalmin birki da bel da tiyo da taya, sabo. Araha ba ta ado.

Daga ƙarshe, lokaci. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. In Sallah saura wata 2, fara kashi na ɗaya. In saura wata 1, kashi na biyu. A gama komai saura mako 2, a yi ta yawo da motar a gari, a kai ta Oyo a dawo, domin in wani noti bai ɗauru ba ya nuna kansa kusa da gida. Motar da aka sauke daga kan jak da daddare, ba ita ce ta kama hanya da asuba ba. In kuɗi bai isa birki da taya ba, ajiye ta ka sa iyali a motar haya, ba abin kunya ba ne.

Ina roƙon shugabanni, in da hali, ƙungiya ta sayi akwatin kayan aiki guda da na'urar gwaji, a ajiye a ofis ana aro. Ni kuma na ɗauki alkawari, Asabar ɗin farko ta kowane wata bayan la'asar, duk wanda ya kawo motarsa da littafinsa za mu zagaya ta tare, ba ko kwabo.

Waɗanda muke ɗauka a motocin nan amana ce, kuma za a tambaye mu. Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, ya kai mu gida lafiya ya dawo da mu lafiya, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.