Sukar Ƙirji In An Ja Numfashi

 Yau maganarmu a kan ciwon nan ne da kan kama samari da mata masu ƙuruciya, watau mutum ya ja numfashi ya ji kamar an soke shi da mashi a ƙirji ko a haƙarƙari. Waɗansu kan ce iska ce ta shige su, waɗansu su ce sammu ne. To, ku sani sukar nan alama ce, kuma cututtuka iri iri ke kawo ta. Akwai masu wucewa da kansu, akwai masu kashe mutum a yini guda.

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya ga wani tantani mai santsi lulluɓe da huhu. Mutum ma yana da shi, riɓi biyu, ɗaya manne da huhu, ɗaya manne da cikin haƙarƙari, da ɗan ruwa a tsakani. In tantanin nan ya kumbura, sai riɓin biyu su riƙa gogar juna duk sa'ad da aka ja numfashi ko aka yi tari. Sau da yawa sukar ƙirji daga nan take fitowa.

Mafi sauƙi duka shi ne ciwon nama ko na guringuntsin haƙarƙari, irin wanda ɗaukar kaya mai nauyi, ko daka, ko kokawa kan jawo. Alamarsa, in ka danna wurin da yatsa za ka ji zafin, amma ba zazzaɓi, ba haki. Hutawa da farasitamol sukan ishe shi.

Na biyu ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira nimoniya. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga huhu. Yana zuwa da zazzaɓi mai zafi, da rawar ɗari, da tari, wani lokaci kaki ya fito da launin tsatsa. Yana da magani, amma tilas a shanye shi duka yadda malamin asibiti ya faɗa.

Na uku tarin fuka. Shi a hankali yake cin mutum: tari ya wuce mako 2, ga rama, ga gumi da dare, wata rana har kakin jini. Tun 1882 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano ƙwayar da ke kawo shi. Ana gwada kaki a gane shi. Maganinsa wata 6 ne, kyauta ne kuwa a asibitocin gwamnati. Wanda ya daina sha a tsakiya don ya ji sauƙi, cutar kan komo masa da taurin kai, ya kuma shafa wa iyalinsa.

Sauran ukun ba su jira. Akwai hujewar huhu, inda iska kan fita ta taru a cikin ƙirji ta danne huhun. Ta fi samun samari dogaye sirara, musamman masu shan taba. Farat ɗaya take zuwa, a gefe guda, numfashi ya yi wuya. Akwai kuma gudan jini da kan daskare a jijiyar ƙafa, ya ɓalle ya je ya toshe jijiyar huhu. A lura da shi ga mai ciki, da mai jego cikin mako 6 na fari, da wanda ya daɗe kwance, ko ya yi doguwar tafiya zaune a mota. Sau da yawa ƙafa ɗaya kan kumbura tukuna. Sa'an nan mai amosanin jini, watau sikila, in ƙirjinsa ya soke tare da zazzaɓi, kada a bari ya kwana a gida.

To, ga abin da za ku yi. Ku zaunar da marar lafiya, ku ƙirga numfashinsa cikin minti guda. Baligi mai lafiya yakan yi tsakanin 12 da 20. In ya kai 30, ko leɓunansa sun yi duhu, ko ya tofar da jini, ko ya suma, ko magana ta gagare shi don haki, a nemi mota a kai shi babban asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. In ba ko ɗaya cikin waɗannan, amma akwai zazzaɓi ko tari, ya zo ɗakin magani tun yau a auna shi, in ya kama a tura shi hoton ƙirji.

Kada ku kira wanzami ya yi masa ƙaho ko sakiya a haƙarƙari. Ciwon yana can ciki inda ƙaho ba ya kaiwa, ƙarfen sakiya kuwa yana iya huda huhu. Kada kuma ku ce ai yaro ne mai ƙarfi, zai tashi. Masu ƙarfin su ne suka fi daurewa har lokaci ya ƙure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya.