Makomar Matuƙin Jirgin Sama Idan Kamfaninsa Ya Sake Hannu



Gabatarwa

Na san wani zai yi mamakin a zo Talata Mafara ana lacca a kan matuƙan jiragen sama, alhali kuwa abin da ya fi damun mutanen wannan yanki shi ne noma da kiwo da zaman lafiya. Amma shekara da shekaru alhazan Mafara da na Bakura da na Maradun suna bin hanyar Sakkwato su shiga jirgi zuwa Ƙasa Mai Tsarki, kuma ran kowanensu, bayan kiyayewar Allah, yana hannun mutum biyun nan da ke zaune a gaban jirgin. Saboda haka halin da waɗannan mutane suke ciki a wurin aikinsu ya shafe mu. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, a duk lokacin da aka sayar da kamfanin jiragen sama, ko aka ƙwace shi saboda bashi, wajibi ne a daidaita haƙƙin matuƙa da sauran ma'aikata kafin a sa hannu a takardar ciniki, kuma har yanzu dokarmu ba ta tilasta yin haka ba.

Dukiyar matuƙi

Matuƙi yana da dukiya iri biyu. Ta farko ita ce lasisinsa, wanda ba ya samuwa da arha. Bayan karatu a makaranta irin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sai mutum ya tara awa 1,500 a sama kafin ya cancanci lasisi mafi girma, watau wanda yake ba shi damar zama kyaftin. Kowane samfurin jirgi yana da nasa horo dabam. Likita yana duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, ana jarraba shi a na'urar kwaikwayon tuƙi lokaci lokaci, kuma ba a yarda ya ɗauki fasinja ba sai ya tashi da jirgi ya sauka sau uku a cikin kwana 90 da suka wuce. Ma'anar wannan ita ce, matuƙin da ya zauna gida wata shida ba albashi kaɗai ya rasa ba, sana'ar kanta tana zubewa daga hannunsa, kuma maido da ita yana cin kuɗi masu yawa. Daɗin daɗawa, yana cika shekara 65 ƙa'ida ta hana shi tuƙa jirgin haya tsakanin ƙasashe.

Ta biyu ita ce matsayinsa a jerin daɗewa a aiki. A manyan kamfanonin duniya ana jera matuƙa ne bisa ranar da aka ɗauki kowa. Wannan jeri shi yake nuna wanda zai zama kyaftin, da wanda zai tuƙa babban jirgi, da wanda za a fara sallama idan kasuwa ta faɗi. Lasisi yana bin mutum duk inda ya tafi, amma matsayin nan ba ya fita daga ƙofar kamfani. Wanda ya yi shekara 20 a wuri ɗaya, idan ya koma wani kamfani, a ƙarshen sahu zai tsaya. To, idan kamfani biyu suka zama ɗaya, jeri biyu ne za a mayar ɗaya, kuma ba yadda za a yi wani ya hau ba tare da wani ya sauka ba. Tushen rigimar ke nan.

Yadda ta kaya a Amurka

Bari mu fara da ƙasar da ta fi kowa daɗewa tana fama da wannan matsala. A 1972 wasu kamfanoni biyu masu jigila a yanki ɗaya na Amurka, Allegheny da Mohawk, suka haɗe. Hukumar da ke kula da sufurin sama a lokacin ta gindaya sharuɗɗa, biyu daga ciki suka yi suna: a haɗa jerin ma'aikatan cikin adalci, idan kuwa aka kasa daidaitawa a kai maganar gaban mai sulhu, kuma hukuncinsa ya hau kan kowa. Bayan da gwamnati ta sakar wa kamfanoni mara a 1978, aka daina tilasta waɗannan sharuɗɗa.

Sakamakon haka ya bayyana a 2001, lokacin da American Airlines ya sayi TWA, wanda bashi ya durƙusar. Aka tura fiye da rabin matuƙan TWA ƙarshen jeri. 'Yan watanni kaɗan bayan cinikin harin 11 ga Satumba ya karya kasuwar sufurin sama, aka fara sallama daga ƙasa, guguwar kuwa ta fi kwasar mutanen TWA. Har ƙungiyarsu suka kai ƙara, kuma a 2011 kotu ta same ta da laifin rashin tsaya musu yadda ya kamata. Wannan abu ne ya sa a 2007 sanatoci biyu na jihar Missouri, Claire McCaskill da Kit Bond, suka kawo dokar da ta maido da waɗancan sharuɗɗa biyu na 1972.

Sulhun ma bai kashe wutar baki ɗaya ba. US Airways da America West sun haɗe a 2005, mai sulhu ya yanke hukunci a 2007, amma matuƙan US Airways, waɗanda suka fi yawa, suka ƙi karɓa, suka fice daga ƙungiyarsu a 2008 suka kafa wata. Shekaru aka yi matuƙan kamfani ɗaya suna shari'a da juna. Abin lura a nan shi ne, a irin wannan hali abokin gabar matuƙi ba shi ne mai kamfani kaɗai ba, har da ɗan'uwansa matuƙi.

Yadda ta kaya a Nijeriya

A ƙasarmu ba kasafai kamfanoni biyu masu rai suke haɗewa ba. Abin da muka saba gani shi ne kamfani ya mutu a raba kayansa, ko mai bin bashi ya karɓe shi. Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958 daga cikin tsohon kamfanin haɗin gwiwa na ƙasashen Afirka ta Yamma renon Ingila, ya taɓa mallakar jirage kusan 30. An kira kamfanin KLM na Holan ya riƙe shi daga 1979 zuwa 1981, amma cutar ba ta warke ba, a 2003 ya daina tashi. An sayar da gidajensa da filayensa, rumfar gyaran jiragensa ta Ikko ta koma hannun sabon kamfanin Arik a 2006. Ma'aikatansa kuwa aka bar su suna zarya. Gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta biya su wani kaso, sa'an nan sai a 2018, shekara 15 bayan rufe kamfanin, gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta saki naira biliyan 22 da 'yan kai, watau kimanin rabin abin da aka amince suna bi. Da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar.

Wanda aka kafa don ya maye gurbinsa, Virgin Nigeria, ya fara tashi a 2005, kamfanin Virgin Atlantic na Ingila yana da kashi 49 cikin 100. Da Turawan suka janye, aka sake masa suna a 2009, ɗan kasuwa Jimoh Ibrahim ya saye shi a 2010 ya raɗa masa Air Nigeria. A 2012 matuƙa da injiniyoyi suka yi yajin aiki a kan haƙƙoƙinsu, a watan Satumba na shekarar kamfanin ya rufe, aka sallami ma'aikata. Cikin shekara bakwai mutum ya sa rigar aiki mai suna uku, ya ƙare a gida.

Sai kuma AMCON, hukumar da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2010 don ta saye munanan basussukan bankuna. A 2016 ta karɓi ragamar Aero Contractors, kamfanin da ke aiki tun 1959, wanda ya dakatar da jigilar fasinja na wasu watanni a shekarar, daga baya kuma ya rage ma'aikata masu yawa. A watan Disamba na 2016 ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da aikin Arik a kan albashin watanni da ba a biya ba, a Fabrairun 2017 AMCON ta karɓe shi da bashin da aka ce ya haura naira biliyan 300. Da hukumar ta yi yunƙurin kafa sabon kamfani mai suna NG Eagle a 2021, sai kan ƙungiyoyin ya rabu: wasu suka ga hanya ce ta ceto ayyuka, wasu suka kai kuka Majalisar Tarayya suna cewa dabara ce ta kwashe kadara a bar bashi a baya.

Ya kamata mu yi wa mai saye adalci. Kamfani marar lafiya yake ɗauka, ba zai iya riƙe kowa ba, kuma da AMCON ba ta shiga ba, mai yiwuwa ne da ayyukan sun salwanta gaba ɗaya. Amma aikin da doka ta ɗora mata shi ne karɓo bashi. Kare ma'aikaci aikin wata doka ne, kuma a nan ne giɓin yake.

Giɓin da ke cikin doka

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, ta ce a sashe na 20 idan za a rage ma'aikata sai a sanar da ƙungiyarsu, a fara da wanda ya zo daga baya, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa a kan kuɗin sallama. Sashe na 10 ya ce ba a mayar da ma'aikaci daga wani ubangida zuwa wani sai da yardarsa. Amma sashe na 91, wanda ya fayyace wane ne ma'aikaci, ya fitar da masu aikin ƙwarewa, ya kuma fitar da duk wanda ke aiki a cikin jirgin ruwa ko jirgin sama. Watau matuƙi ba ya cikin inuwar wannan doka. Abin da ya rage masa shi ne takardar ɗaukarsa aiki, da yarjejeniyar da ƙungiyarsa, NAAPE, ta ƙulla da kamfani, da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, inda shari'a take ɗaukar lokacin da lasisinsa ba zai iya jira ba. A Ingila kuwa, tun 1981 akwai ƙa'idar da ta ce wanda ya sayi sana'a ya sayi ma'aikatanta da sharuɗɗan aikinsu.

Ƙungiyoyin ma suna da tasu matsala. Matuƙa da injiniyoyi suna NAAPE, manyan ma'aikata suna ATSSSAN, ƙanana suna NUATE, kuma bukatunsu ba ɗaya ba ne. Gogaggen kyaftin yana iya samun aiki a ƙasashen Larabawa, amma mai sayar da tikiti da matashin matuƙin da bai tara awoyi ba ba su da inda za su. Mai saye kuwa ya san da wannan.

Darasin Bakolori

Jama'a, ba a wannan zaure ne zan koya wa kowa abin da jinkirin diyya yake haifarwa ba. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwa ya ci gonaki da gidaje, maganar diyya da rabon filaye ba ta daidaita ba, har aka kai ga abin da ya faru a watan Afrilu na 1980, lokacin da 'yan sanda suka far wa manoma, rayuka suka salwanta. Allah ya ji ƙansu. Ba ina kwatanta jinin da aka zubar da asarar albashi ba ne. Abin da nake nufi shi ne, manomin da ake tattaunawa da shi kafin ruwa ya zo yana da abin riƙewa a hannunsa, wanda ake tattaunawa da shi bayan ruwa ya rufe gonarsa kuwa roƙo kawai yake yi. Haka matuƙi yake bayan an sayar da jirage. Tun ran gini ran zane.

Shawarwari

Na farko, a gyara doka ta yadda duk wanda ya sayi kamfanin jiragen sama, ko ya karɓe shi, zai gaji ma'aikatansa da shekarun da suka yi. Na biyu, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama kada ta amince da sauyin mallaka, ko ta ba da sabon lasisi a kan tsohuwar kadara, sai an nuna mata lissafin albashi da kuɗin sallama da inda za a samo su. Na uku, tun da Dokar Fansho ta 2004 ta sa asusun ritaya yana bin ma'aikaci duk inda ya tafi, a riƙa bincika ko kamfanoni suna zuba abin da suka cire daga albashi, tun suna da rai. Na huɗu, ƙungiyoyi su rubuta ƙa'idar haɗa jerin daɗewa a lokacin da ake zaman lafiya, su kuma yarda da sulhun da zai hau kan kowa, domin ranar da ciniki ya faɗa kowa kansa zai sani.

Kammalawa

Kamfanonin da suka ɗauki alhazanmu, daga Kabo Air na Kano wanda ya fara a farkon shekarun 1980 zuwa Max Air da ya zo a 2008, na 'yan kasuwa ne, kuma dukiyar ɗan kasuwa tana sake hannu. Ba wanda zai hana wannan. Amma aikin matuƙi yana bukatar mutumin da zai iya cewa wannan jirgi ba zai tashi ba sai an gyara shi, ko ya ce na gaji, a nemo wani. Wanda yake bin albashin wata biyar, kuma bai san ko sunansa yana cikin jerin waɗanda sabon mai gida zai riƙe ba, faɗin haka zai yi masa nauyi. Saboda haka tabbatar masa da aikinsa kariya ce ga fasinjan da ke bayansa. Ina roƙon ɗalibanmu masu karatun shari'a da na mulki su ɗauki sashe na 91 na Dokar Ƙwadago su yi nazarinsa, wakilanmu na Majalisar Tarayya kuma su kai maganar inda za a gyara.

 Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya.